Shehu Ibrahim Inyass: Tambayoyin da Ake Yawan Yi a Katsina Kan Rayuwarsa da Littattafansa

A Katsina ba sai an gabatar wa kowa da hoton Shehu Ibrahim Inyass ba. Yana jikin gilashin Keke Napep, yana bangon shagon tela, yana kan kalandar da ake rabawa in watan Rajab ya kama. Littattafansa ne ba su yaɗu kamar hoton ba. Da yawa daga masu ƙaunarsa ba su taɓa buɗe ko ɗaya ba, haka ma da yawa daga masu sukarsa. Tambayoyin da ke tafe su ne suka fi maimaituwa a bakin ɗalibai da 'yan kasuwa da iyaye mata a wuraren karatu na cikin birni. Mai amsa su masoyin Shehu ne, ba zai ɓoye ba, amma ya tsaya a kan abin da yake rubuce.

Wane ne Shehu Ibrahim Inyass?

Malami ne ɗan ƙasar Senegal daga ƙabilar Wolof, shehin ɗariƙar Tijjaniyya, marubuci, kuma mai waƙen yabon Manzon Allah (SAW). An haife shi a 1900, ranar 15 ga Rajab 1318, a ƙauyen Taiba Inyassen da ke yankin Salum, kusa da iyakar Gambiya. Ya rasu a Landan ranar 26 ga Yuli 1975, aka mai da shi Madina Baye, unguwar da ya kafa a garin Kaulaha, aka rufe shi a can. Mutanen ƙasarsa Baye suke ce masa. Mu nan mukan ce Barhama, ko Shehu kawai.

A ina ya yi karatu? Wasu sun ce Azhar.

A gaban mahaifinsa ya yi, tun daga haddar Alƙur'ani har zuwa fiƙihun Malikiyya, nahawu, lugga, tafsiri da tasawwufi. Mahaifin, Alhaji Abdullahi Inyass, babban malami ne da ya yi zaman hijira a Gambiya saboda rashin jituwa da Faransawa, ya dawo ya zauna a Kaulaha wajen 1910, ya rasu a 1922. Lokacin da Shehu ya taka Masar ya riga ya zama malamin da ake yin tattaki zuwa wurinsa. Karatun zaure irin wanda ake yi a Masanawa ko Gambarawa, littafi bayan littafi a gaban malami ɗaya, shi ne ya fitar da shi. Samarinmu masu ganin ba a zama malami sai da takardar shaidar jami'a, su riƙe wannan.

Mece ce Faila? Sabuwar ɗariƙa ce?

Ba sabuwa ba ce. An ruwaito daga Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, cewa wata ambaliya ta alheri, wato Faila, za ta zo wa sahabbansa har mutane su riƙa shiga ɗariƙar jama'a-jama'a, kuma za ta zo ne a lokacin da ake cikin matsi. Malaman Tijjaniyya sun daɗe suna dakon wannan alkawari. A 1929 Shehu Ibrahim, yana ƙasa da shekara 30, ya bayyana cewa ta hannunsa ta zo. Shi ya sa almajiransa ke kiransa Sahibul Faila.

Wuridin bai canja ba. Lazimi na nan safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Wazifa na nan: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. Zikirin Juma'a na nan bayan la'asar. Abin da Faila ta zo da shi shi ne buɗe ƙofar tarbiyya, wato horon ruhi a hannun shehi, ga kowa.

'Yan gidansu sun yarda da wannan da'awa tun farko?

Ba duka ba. Bayan rasuwar mahaifinsu, wansa Alhaji Muhammadu Halifa ne ya gaji gidan, kuma shi ma malami ne marubuci. Ƙani ya tashi ya ce shi ne mai Faila, ai dole a sami tankiya. Abin ya kai Shehu ya bar unguwar mahaifinsa tare da almajiransa, suka zauna a ƙauyen Kosi inda gonakinsu suke, sannan suka sari daji a gefen Kaulaha wajen 1930 suka kafa Madina Baye.

Abin da ya juya al'amarin shi ne zuwan malaman Idawa Ali daga Muritaniya. Ta hannun kakanninsu Tijjaniyya ta fara gangarowa Afirka ta Yamma, kuma su aka saba zuwa ɗaukar izini wurinsu. Sai ga 'ya'yan wannan gida sun tsallako kogi sun zauna gaban matashi baƙar fata suna neman tarbiyya. Wanda ya san yadda Larabawan hamada ke kallon baƙar fata a wancan zamani ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Allah gafarta Malam, kullum ana cewa wane ya yi tarbiyya. Me ake yi a cikinta?

Muridin da ya riga ya karɓi wuridi yakan nemi muƙaddamin da ke da izini ya sa shi tarbiyya. Sai a ƙara masa wasu zikirai a kan laziminsa, galibi Salatul Fatihi da hailala, da adadi da lokaci. Yana yi yana komawa wurin muƙaddamin yana faɗa masa halin da yake ciki. Abin nema shi ne ma'arifa, wato sanin Allah na ɗanɗano, ƙari a kan sanin da ake samu ta dalili a littattafan tauhidi. Sufaye suna cewa mai tafiyar yakan kai matsayin fana'i, inda ganin girman Allah ke shafe masa ganin kansa da ganin halitta, sannan a dawo da shi matsayin baƙa'i, ya koma cikin mutane da hankalinsa, yana ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa.

Kafin Shehu, ana ɗaukar wannan a matsayin aikin 'yan ƙalilan, masu shiga halwa su daɗe, bayan sun ci littattafai. Shi kuwa ya sa manomi da ɗan kasuwa da matar aure da saurayi a ciki, ba tare da sun bar sana'arsu ba. Nan ne malamai suka taso masa. Hujjarsu babba ita ce maganar da Shehu Ahmadu Zarruƙ ya ruwaito daga malaminsa, cewa an ɗauke tarbiyya ta isɗilahi tun shekara ta 824 bayan Hijira, ba abin da ya saura sai amfanarwa ta himma da hali. Shehu ya amsa cewa su karanta maganar har ƙarshenta. Tsarin da aka saba da shi ne aka ce ya kau, na halwa da yunwa da dogon horo, amma ita kanta tarbiyyar ta himmar shehi da halinsa tana nan, kuma ƙasa ba ta rasa cikakken mai shiryarwa.

Gargaɗi ɗaya. Ba a ɗaukar tarbiyya daga bidiyon waya, ba a ɗaukarta daga wanda shi ma ba a gama masa ba. Mafi yawan maganganun banza da ake jingina wa Faila daga bakin waɗanda aka bari a tsakiyar hanya suke fitowa.

Mutumin Senegal ne. Ta yaya ya sami mabiya a ƙasar Hausa fiye da ƙasarsa?

Tijjaniyya ta riga shi zuwa nan da kusan shekara ɗari. Alhaji Umarul Futi ya zauna Sakkwato a shekarun 1830, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Shi Shehu Ibrahim ƙofarsa ta buɗe ne a aikin hajjin 1937, inda ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Sarki ya sabunta ɗariƙarsa a hannunsa, ya gayyace shi Kano. Ya zo a tsakiyar shekarun 1940, zuwan da bai yi amo ba a gari, amma ya haɗa shi da malamai.

Malaman nan su ne ginshiƙin labarin. Almajiran Malam Muhammadu Salga ne, waɗanda ake kira Salgawa: Shehu Tijjani Usman Zangon Barebari, Shehu Abubakar Atiƙu Sanka, Shehu Sani Kafinga, Shehu Maihula. Mutane ne da suka ƙoshi da fiƙihu, ba waɗanda za a ruɗa da kwarjini ba. Sun karanta rubutunsa, wasunsu suka tafi Kaulaha da kansu, suka dawo suka miƙa wuya. Shehu ya kuma turo Shehu Hadi, ɗaya daga malaman Muritaniya, ya riƙa yi wa mutane tarbiyya a Najeriya. Da ya dawo Kano a 1951, jama'a ce ta yi dafifi daga ko'ina. Daga nan fatake suka ɗauka. Attajirai malamai irin su Malam Umaru Falke da Alhaji Uba Ringim suna cikin almajiransa, kuma hanyoyin goro da gyaɗa da suka haɗa Kano da Katsina da Gusau da Maraɗi har zuwa Kumasi su ne hanyoyin da Faila ta bi. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya shi ya zama halifansa a Najeriya.

Katsinawa kuma suna da nasu a tsakiyar wannan tarihi. Shehu Atiƙu a Katsina aka haife shi a 1909, aka kai shi Kano yana yaro, kuma har ya rasu a 1974 yana rattaba Alkashinawi a ƙarshen sunansa. Yana cikin waɗanda suka fi kowa rubutu a malaman Faila, har da waƙar Larabci da ya jera sarakunan Katsina a ciki.

Waɗanne littattafai ya rubuta?

Na farko da ya shahara shi ne Ruhul Adab, waƙa mai baiti 121 da ya yi yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Nasiha ce ga muridi: tsayar da salla, tuba, ladabi ga shehi da 'yan'uwa, neman ilimi kafin aiki.

Babban littafinsa na tasawwufi shi ne Kashiful Ilbas, wanda ya rubuta a farkon shekarun 1930 don kare Faila da tarbiyya. Wanda ya buɗe shi yana zaton zai tarar da labaran karamomi zai sha mamaki. Littafin cike yake da ayoyi da hadisai da maganganun malaman da suka gabata, yana jero su yana ɗora hujjarsa a kai, kamar yadda malamin fiƙihu ke yi. Ya yi magana a kan haƙiƙanin tasawwufi, falalar zikiri, buƙatar shehi, siffofin shehin gaskiya da na ƙarya, da mas'alar ganin Allah. An fassara shi da Turanci, aka buga a Amurka a 2010.

Akwai Jawahirur Rasa'il, tarin wasiƙunsa da fatawoyinsa da huɗubobinsa, wanda Shehu Ahmad Abulfathi na Maiduguri ya tattara. A ganina nan ne aka fi ganin mutumin. Yana amsa wa almajirai a kan saɓaninsu, yana tsawata wa muƙaddamai masu cin dukiyar mabiya, yana maimaita maganar salla a kan lokaci har mai karatu ya ce yau ma ita ce.

Akwai tafsirinsa, Fi Riyadit Tafsir. Ba da alƙalami ya rubuta shi ba. Ya sha yin tafsiri da harshen Wolof, sai a farkon shekarun 1960 ya yi da Larabci aka naɗa, daga baya wani almajirinsa ɗan Muritaniya ya kwafe daga kaset aka buga a mujalladai. Saboda haka yana da daɗin karatu, kana jin muryar mai magana a ciki.

Sai Raf'ul Malam a kan ƙabalu, wato kama hannu a salla, da Sabilus Salam a kan Maƙamu Ibrahim, da Ifriƙiyya lil Ifriƙiyyin, da littattafan tafiye-tafiyensa, da diwanai. Akwai kuma Sirrul Akbar, wanda aka yi don waɗanda suka gama tarbiyya, ba don kasuwa ba, amma daga baya ya fita hannun jama'a.

Ni ɗalibi ne, Larabcina bai yi ƙarfi ba. Da wanne zan fara?

Da Ruhul Adab, ɗan'uwa. Gajere ne, ana samunsa da fassarar Hausa, kuma za ka iya haddace shi. In ka gama ka shiga wasiƙun, a gaban malami. Kashif ka bar shi sai ka yi Ahalari da Ishmawi da Risala, ka taɓa nahawu. Sirrul Akbar kuwa ba naka ba ne yanzu. Wanda ya fara da shi kamar yaron da aka ɗora wa buhun gero ne tun bai iya ɗaukar tiya ba.

In za ka saya, duba bugun. Wasu na kasuwa hoton hoto ne, wasali ya goge, layi ya faɗi. Ka kai wa malaminka ya gwada da nasa kafin ka fara.

Me ya sa diwani ya fi sauran littattafansa shiga jama'a?

Saboda ana rera shi, kuma kunne ya riga ido. Diwanai shida aka haɗa a littafin da ake kira Dawawinus Sitti, na farkonsu Taisirul Wusul, sannan akwai Sairul Ƙalbi da ya yi a ƙarshen rayuwarsa. Kusan dukkansu yabon Annabi (SAW) ne da begensa: kwana ba barci don shauƙi, kewar Madina, kirarin siffofinsa, da martani ga masu ganin yabon ya yi yawa.

Kuma ƙasar da ya sauka a kanta a shirye take. Tun ƙarni na 17 Wali Ɗan Masani ya yi wa Ishiriniya sharhi a nan Katsina, kuma har gobe akwai tsofaffin da ke tashi da ita da asuba. Mutanen da suka saba da madahu ba su ga baƙon abu a diwani ba.

Abin da ke damuna shi ne yawan masu rerawa ba su san ma'anar abin da suke faɗa ba. Za ka ji zakiri mai murya kamar me, ya karya wasali ya juya ma'anar baiti, jama'a na ta kabbara. Shehu masanin lugga ne da aruli. Ƙaramin haƙƙinsa a kan mai rera waƙarsa shi ne ya zauna a fassara masa ita baiti-baiti. Maganar sa fiyano da kayan kiɗa a yabo kuwa, wannan abin zamani ne, dattawan zawiyya da yawa ba sa so.

Gaskiya ne an taɓa yin faɗa saboda kama hannu a salla?

An yi. Mutanen ƙasar nan sadalu suka gada, wato sakin hannu, bisa ruwayar Ibnul Ƙasim a Mudawwana. Shehu ya ce ƙabalu ne sunna, ya kafa hujja da hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik kanta, ya rubuta Raf'ul Malam a kai. Almajiransa suka kama hannu, ya zama alamar da ake gane ɗan Faila a sahu. Shehu Nasiru Kabara ya yi rubutu yana kare sadalu, malaman Salga suka mayar masa. A lardin Sakkwato abin ya wuce takarda, an yi tarzoma a shekarun 1950 da 1960, har da asarar rayuka, domin siyasa da sarauta sun shiga ciki.

Abin dariya a yau shi ne ɗan Izala da ɗan Faila duk ƙabalu suke yi, kafaɗa da kafaɗa, kuma ba kowane saurayi ya san wanda ya sha duka a kan wannan kafin a haife shi ba.

Malam, ni uwa ce. Me ya ce game da karatun 'ya'ya mata?

Hajiya, aikinsa ya fi maganarsa bayani. Ya karantar da 'ya'yansa mata kamar yadda ya karantar da maza, ya ba mata izinin muƙaddamanci. Sayyida Ruƙayya ta rubuta littattafai, ciki har da na faɗakar da 'ya mace Musulma. Sayyida Maryam, wadda ta rasu a 2020, ta kafa makarantar haddar Alƙur'ani a Dakar da ta yaye ɗalibai daga ƙasashe da dama. Sayyida Ummul Khairi, wadda ake kira Maman Kiota, ta yi aure a Jamhuriyar Nijar, ta kafa makarantu da ƙungiyar mata a can. Duk wanda ya rataya hoton Shehu a zaure ya kuma cire 'yarsa daga makaranta ba tare da ta sauke ko Ahalari ba, ba daga Kaulaha ya koyo wannan ba.

Sufi ne. Me ya kai shi harkar shugabannin duniya?

Bai ɗauki zuhudu a matsayin zaman ɗaki ba. Yana cikin waɗanda aka kafa Rabiɗatul Alamil Islami da su a Makka a 1962. Ya yi hulɗa da Jamal Abdul Nasir na Masar da Sarki Faisal na Saudiyya, ya yi limancin Juma'a a Azhar, kuma yana da kusanci da Kwame Nkrumah na Ghana duk da shi ba Musulmi ba ne. Da aka kawo shawarar gusar da Maƙamu Ibrahim daga wurinsa don faɗaɗa wurin ɗawafi, yana cikin waɗanda suka ƙi, ya rubuta risala a kai. A 1959, da babban limamin Katolika na Dakar, Marcel Lefebvre, ya yi rubutu yana aibata Musulunci yana tsoratar da mutane game da 'yancin kai, Shehu ya mayar masa da Ifriƙiyya lil Ifriƙiyyin, yana cewa Afirka ta 'yan Afirka ce, kuma za su mulki kansu ko ba daɗe ko ba jima.

Turawan mulki, na Faransa da na Ingila, sun sa masa ido suna musayar rahoto a kan tafiye-tafiyensa. A Arewa ma gwamnatin NPC ba ta saki jiki da yawan mabiyansa ba, musamman da yake da yawansu talakawa ne da 'yan kasuwa masu jin NEPU.

To waɗannan masu cewa Shehu Allah ne, ko su daina salla su ce sun kai, daga ina suka fito?

Su ake kira 'yan haƙiƙa, kuma manyan shehunan Tijjaniyya a Najeriya sun sha fitowa fili suna barranta da su. Ba a buƙatar dogon bincike. A buɗe Ruhul Adab, a buɗe wasiƙun. Mutumin da ya cika takardunsa da umarnin salla cikin jam'i da tsayawa kan umarni da hani, wanda ya kira kansa hadimin Annabi (SAW) a waƙa bayan waƙa, ba za a ce shi ya sauke wa wani salla ba. Kuma ƙa'idar da Shehu Ahmadu Tijjani ya bari sananniya ce: duk abin da aka ji daga gare shi a auna da ma'aunin shari'a, in ya dace a ɗauka, in ya saɓa a bari.

Sai dai ba zan wanke namu tas ba. Akwai kalamai a littattafan sufaye, har da na Shehu, da aka faɗa cikin halin fana'i ko aka yi su da isɗilahin da sai an koya. In muƙaddami ya ɗauko irin wannan ya faɗa a lasifika gaban yara da jahilai don a yi masa kabbara, shi ya shuka abin da ke tsirowa. Haka labaran cewa hoton Shehu ya bayyana a bango ko a jikin itace. Ba da wannan ya jawo malaman Salga ba.

Ni ɗan Izala ne. Akwai abin da zan amfana da shi a littattafansa?

Akwai, malam. An kafa Izala a Jos a 1978, shekara 3 bayan rasuwarsa, amma muhawarar ta girmi ƙungiyar, domin littafin Shehu Abubakar Gumi na aƙida, mai sukar ɗariƙu, ya fito tun 1972. Saɓanin na gaske ne, ba a rufe shi da murmushi: falalar da ake ba Salatul Fatihi, karɓar wuridi daga Annabi (SAW) a farke, tawassuli, Maulidi. Ba na ce in ka karanta Kashif za ka canja ra'ayi ba. Amma za ka san abin da mutumin ya faɗa da bakinsa da hujjar da ya kafa, ka daina dogara da guntun bidiyo. Tafsirinsa da risalarsa ta ƙabalu kuwa za ka karanta shafuka da yawa ba ka ci karo da abin da za ka musa ba. A Katsina da wuya ka sami gidan da babu ɗan ɗariƙa da ɗan Izala a tsakar gida ɗaya, wani wajen uba da ɗa. Ko don zaman gidan ya kamata kowa ya san littafin ɗan'uwansa.

Wa ya gaje shi?

Gadon ya rabu biyu. Limancin babban masallacin Madina Baye ya bar wa amininsa kuma surukinsa Sayyadi Aliyu Sise, wanda ya rasu a 1982. Daga shi sai ɗansa Shehu Hassan Sise, jikan Shehu ta wajen uwa, wanda ya kai Faila Amurka, ya rasu a 2008. Yanzu ƙaninsa Shehu Tijjani Sise ne liman. Halifancin gida kuwa yana bin 'ya'yansa maza bisa girma, daga Alhaji Abdullahi har zuwa Shehu Mahi Inyass, wanda ya hau a 2020 bayan rasuwar Shehu Ahmad Tijjani Inyass. A Najeriya, Halifa Isyaka Rabi'u ya riƙe halifanci har ya rasu a 2018, sannan aka naɗa Muhammadu Sanusi na biyu a 2021.

Ina son zuwa Kaulaha daga Katsina. Dole ne ga ɗan ɗariƙa? Kuma ta ina ake bi?

Ba dole ba ne, ba sharaɗin ɗariƙa ba ne, kuma ba ya tsayawa a madadin hajji. Wanda ke da kuɗin kujera bai sauke farali ba, Makka ce gabansa. Ziyara ce, mai hali ya yi.

Taro mafi girma a Madina Baye shi ne Maulidin Annabi (SAW) a daren 12 ga Rabi'ul Awwal, wanda su ke kira Gamu. Maulidin Shehu na watan Rajab kuwa a Najeriya ya fi cika. Da can mutanenmu mota suke bi: Jibiya, Maraɗi, Yamai, a ratsa Burkina Faso zuwa Bamako, a bi ta Kayes a shiga Senegal ta Tambakunda. Yau wannan hanya ba ta da aminci, kuma Nijar da Mali da Burkina sun fice daga ECOWAS a farkon 2025, don haka kada a kama ta sai an tambayi waɗanda suka dawo kwanan nan. Mafi sauƙi shi ne jirgi zuwa Dakar, daga nan mota, tafiyar da ba ta kai kilomita 200 ba. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, amma ya riƙe fasfo da katin rigakafin shawara. Kuɗinsu sefa ce, irin wadda ake canzawa a Jibiya da Maraɗi. Wolof da Faransanci ake yi a gari, amma a cikin Madina Baye ba za ka rasa mai jin Hausa ba, domin akwai ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu da suka daɗe a can. Lokacin Gamu masauki yana wuya, gara a tafi cikin ayarin zawiyya da a tafi shi kaɗai.

Wanda Senegal ta yi masa nisa, akwai Kiota a jihar Doso ta Nijar, garin Shehu Abubakar Hashim, ɗaya daga manyan almajiran Shehu. Maulidin can ma yana tara jama'a daga ƙasashe da dama, kuma daga Katsina ta Maraɗi da Birnin Ƙonni ake bi.